Kabarin Aro na Fir'auna Nabkara

Ranar farko ta watan da kogin Nilu ke soma tasowa, gari ya waye da zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi. Kafin rana ta take tsaka hadari ya haɗo baƙi ƙirin a kan duwatsun yamma, aka kece da ruwa. Ruwan sama baƙo ne a ƙasar Masar. Akwai tsofaffi a birnin Wasat da suka yi furfura ba su taɓa ganin irinsa ba. Bai jima ba ya ɗauke, amma dutse ba ya shan ruwa. Sai ya taru ya gangaro cikin kwarin da ake binne sarakuna, yana tafe da laka da tsakuwa, ya tarar da bakin kabarin da ake haƙa wa Fir'auna Nabkara a buɗe, ya shige.

A lokacin Nabkara ya riga ya mutu. Gawarsa tana hannun masu kanwa. Sun cire kayan cikinta sun zuba a tuluna, sun lulluɓe jikin da kanwa don ya bushe, kuma kwanakin da al'ada ta yanka wa wannan aiki sun ci fiye da rabi. In suka cika, dole a naɗe sarki a kai shi makwancinsa, ba a ƙara ko yini ɗaya.

A ƙasar, haihuwa kaɗai ba ta ba mutum karaga. Wanda ya binne sarki shi ne sarki. Duk wanda ya yafa fatar damisa ya tsaya a bakin kabari, ya taɓa leɓen gawa da ɗan gizago don mamacin ya iya ci da magana a can inda za shi, shi jama'a ke faɗuwa su gaisar. Nabkara ya bar ɗa guda, Yarima Harmasi, saurayin da gemu bai gama fito masa ba. Ya kuma bar ƙane, Galadima Sabaktu, mai riƙe da ƙasashen arewa inda kogi ke shiga teku. Tun da aka yi rasuwar Sabaktu ya taso, wai zai zo ta'aziyya, amma da jiragen ruwa na yaƙi ya taso. Abin da ya tsayar da shi wuri ɗaya ne, Mashigin Kada, inda kogi ya matse tsakanin duwatsu biyu. A kan duwatsun nan akwai maharban kudu, ƙarƙashin Sarkin Baka Taniko, kawun Harmasi, wan mahaifiyarsa. Muddin suna sama, ko kwalekwale ba ya wucewa sai da izininsu.

Da aka taru a fada bayan ruwan, Sarkin Magina Sanab ya shigo laka ta bushe masa har cinya. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

“Ranka ya daɗe, ginshiƙai biyu na ɗakin akwati sun karye, rufin dutse ya zauna a kansu. Zanen bango duk ya saɓule. Laka a ciki ta kai min ƙirji, ni da ake yi wa ba'ar tsawo.”

Harmasi ya ce, “Yaushe za ka gama gyara?”

“In an ba ni mutane da hatsi, sai kogi ya cika ya janye sau biyu.”

Waziri Kamutaf, dattijon da ya yi wa sarakuna biyu aiki, ya ce, “Sarkin Magina yana mana magana da shekaru, masu kanwa suna mana magana da kwanaki.”

Aka yi ta shawara ba a tsayar da komai ba. Ana cikin haka, wata safiya, sai ga jakadan Galadima. Ya shigo da sanda mai kan azurfa, ya rusuna rabin rusunawa, ya ce:

“Galadima Sabaktu, Mai Bakin Teku, ƙanen marigayi ciki ɗaya, yana gaida ɗan wansa. Ya ce ya ji sama ta zubar da abin da ke cikinta a kan kwarin sarakuna, kuma hankalinsa ya tashi. Ya ce bai kamata a bar yaro da gawa a hannu ba shi da inda zai sa ta ba. Yana da kabari gamamme a arewa, busasshe, wanda ya haƙa wa kansa. Ya ba wansa kyauta. A buɗe masa Mashigi ya zo ya ɗauke muku wannan nauyi, ya binne ɗan'uwansa da hannunsa.”

Kowa a fadar ya san abin da hannun nan yake nufi. Harmasi ya ce, “Ka gaida Baffa. Ka ce masa ya adana kabarinsa, ba zai daɗe bai buƙace shi ba.”

“Zan faɗa masa, ranka ya daɗe. Sai dai zai tambaye ni ko na ga inda za a kwantar da wansa. Me zan ce masa na gani?”

Dogarai suka raka shi waje yana murmushi.

Da aka rufe ƙofa, Waziri ya sallami ƙananan fadawa. Ya rage shi da Yarima, da Sarkin Magina, da Amanhi Babban Malamin Haikali. Waziri ya gyara zama ya ce:

“Ranka ya daɗe, akwai kabari gamamme a kwarin. Bakinsa yana can sama, ruwa bai taɓa shi ba. Faɗinsa ya isa sarki, don marigayi da kansa ya ce a haƙa shi kamar nasa.”

Sarkin Magina ya sunkuyar da kai. Harmasi ya dubi Waziri ya ce, “Faɗi sunan mai shi.”

“Sarauniya Madisa.”

“Uwata.”

“Mahaifiyarka, ranka ya daɗe.”

Madisa ta rasu Harmasi yana yaro. Ya tuna ranar da aka kai ta, kawunsa Taniko yana gaba riƙe da igiyar makara, bai bar wa shanu jan ba.

Babban Malami ya yi gyaran murya ya ce, “Dole in faɗi abin da ke cikin littattafan haikali, kada a ce ban faɗa ba. Ruhin mamaci kamar tsuntsu yake. Da safe ya fita, da yamma ya komo ga jikinsa. Da suna yake gane gida, da fuskar da aka zana a bango. In aka sa sarki a can, dole a kankare sunanta a rubuta nasa, a yaɓe fuskarta a zana tasa. Ita kuma in ta komo da yamma ba za ta ga inda za ta sauka ba.”

Waziri ya ce, “Na ji, Malam. To faɗa mana, in kwanakin kanwa suka cika sarki bai shiga ƙasa ba, shi ina zai sauka?”

“Shi ma ba shi da masauki.”

“To, ga shi nan. Ranka ya daɗe, aro ne. In ka hau karaga, ka haƙa mata wanda ya ninka wannan, ka rubuta sunanta da zinariya tun daga ƙofa. In kuwa Baffanka ya hau, kana jin zai bar mata suna? 'Yar kudu ce da bai taɓa ɗaga ido ya gaisar ba tana raye. In ka ƙi, ka rasa uba, ka rasa karaga, ita ma ba ka tsirar da ita ba.”

Harmasi ya juya ga Babban Malami. “Alloli za su karɓi irin wannan binnewa?”

Amanhi ya daɗe yana murza zoben hannunsa, sannan ya ce, “An taɓa yi a zamanin da. In an karanta abin da ya kamata a karanta, za su karɓa.”

“Kawu fa?”

Waziri ya ce, “Sarkin Baka yana Mashigi, idonsa na kan jiragen Galadima, ba zai motsa ba. In ƙura ta lafa, sarki ne zai yi masa bayani, ba yarima ba. Kunne ya fi saurin karɓar maganar sarki.”

Harmasi ya tashi ya je bakin taga ya tsaya. Daga nan ana hango duwatsun yamma a ƙetaren kogi. Bai juyo ba ya ce, “Kada a yi shi a ɓoye cikin duhu kamar ɓarayi.”

“Da rana tsaka ba kowa a kwarin sai ƙadangaru, ranka ya daɗe.”

Haka aka yi. Washegari rana na tsakiyar kai suka hau zuwa bakin kabarin, Yarima da Waziri da magina kaɗan da aka rantsar. Aka fasa yumɓun da ke ɗauke da hatimin Nabkara, aka ture dutsen ƙofa. Iska mai ƙamshin tsohon turare ta fito. Harmasi ya shiga da fitila. A bangon zaure ga mahaifiyarsa a tsaye cikin farar riga, tana miƙa wa alloli tulu biyu, fatarta ta fi ta matan Wasat duhu. Mai zanen ya san ta, har ɗan karkata kan da take yi in tana sauraron magana ya sa. A can ciki furannin da aka ɗora a kan akwatinta suna nan, sun bushe ba su warwatse ba. Da magina suka ɗaga akwatin sai suka zube suka zama gari.

Sarkin Magina ya tambaya a hankali, “Ina za mu kai ta?”

Ba wanda ya yi tunanin wannan a fada. Waziri ya waiwaya ya ce, “Ina kuke ajiye kayan aiki?”

Akwai wata rumfa ta duwatsu a gindin kwarin inda masu zane ke tara tukwanen launi. Can aka kai Sarauniya Madisa, aka rufa mata tabarmi. Harmasi bai bi su ba. Ya tsaya a zauren yana jin ƙarar tagulla a kan dutse, wani magini yana kankare sunan harafi bayan harafi. Maginin ya tsaya ya waiwayo, ko zai ji an ce ya bari. Harmasi ya fita waje ya tsuguna a rana.

Ba zan tsaya zayyana aikin da ya biyo baya ba. An yaɓe, an zana, an faɗaɗa ƙofa don akwatin sarki ya shiga. Masu kanwa suka gama nasu, suka naɗe Nabkara da sawaye na lilin, layu a tsakanin kowane naɗi, fuskar zinariya a sama.

Ranar binnewa aka haye kogi da gawar. Shanu suna jan makara a kan katako, malamai na zuba madara a gabanta suna kaɗa turaren wuta, mata masu kuka na zuba ƙasa a kawunansu. Bayansu bayi ɗauke da gadon sarki da kujerunsa da tulunan giya da kwandunan gurasa. Harmasi yana gaba da fatar damisa a kafaɗa. An shiga kwarin ke nan wani dogari ya matso kusa da Waziri ya yi masa raɗa, fuskar Waziri ta canja. Harmasi ya waiwaya. A ƙarshen jerin ga wani dogon mutum baƙi, furfura a kansa, da maharba kaɗan a bayansa. Ya ɗauko wani baka a tafin hannuwansa biyu.

Abin da Waziri bai sani ba, don shi mutumin birni ne, shi ne al'adar mayaƙa. Nabkara ya yi yaƙi a Mashigi yana saurayi, ya rataye bakansa a can. Mayaƙi kuwa ba a binne shi ba bakansa, kuma abokin yaƙinsa ne ke kawo shi, ba a aiko yaro. Taniko ya bar Mashigi a hannun mataimakinsa ya taho cika wannan.

Hanya ta rabu biyu a tsakiyar kwarin. Ta dama ta nufi kabarin da ruwa ya ci. Shanu suka bi ta hagu suka soma hawa. Harmasi bai sake waiwayawa ba, amma yana jin idon kawunsa a ƙeyarsa har suka kai.

Taniko ya tsaya a gefe da bakan a hannu. Aka tsayar da akwatin a bakin kabari yana fuskantar rana. Babban Malami ya karanta abin da zai karanta, ya miƙa wa Harmasi gizagon. Harmasi ya taɓa leɓen fuskar zinariya, ya taɓa idanu, ya taɓa kunnuwa, ya faɗi kalmomin da aka koya masa. Aka shiga da sarki da kayansa. Taniko ya bi layi kamar kowa, ya shiga ya ajiye bakan a kan akwati, ya fito zaure ya tsaya yana duban bango. Aka jawo dutsen ƙofar ciki, aka shafa yumɓu, Harmasi ya danna hatiminsa. Masu kakaki suka busa. Kwarin gaba ɗaya ya faɗi ƙasa, daga Waziri har bayi, ana cewa, “Ran Fir'auna ya daɗe.”

Mutum ɗaya ne bai faɗi ba. Yana tsaye a zaure, ya ɗaga yatsa yana nuna hoton sarki a bango. Yaɓen bai gama bushewa ba aka yi zane a kansa, abin da ke ƙasa ya soma leƙowa.

Taniko ya ce, “Na yi shekaru ina yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Nabkara. Bai taɓa huda kunne ba.”

A ƙarƙashin kambin sarki, ɗan kunnen matan kudu ya fito sarai.

Waziri ya taso da sauri. “Sarkin Baka, wannan magana ce ta fada. In an koma...”

“Ba da kai nake ba, Kamutaf.” Ya juyo ga Harmasi. “Ɗana, ina ƙanwata?”

“Kawu, aro ne. Na rantse zan haƙa mata...”

“Wa ka tambaya?”

Taniko ya matso kusa da shi.

“Aro ai tambaya ake yi. Ita ka tambaya, ko ni? To, bar wannan. Kai ni inda take.”

Sabon Fir'auna ya wuce gaba, fatar damisa a kafaɗarsa, ya gangara ta tsakiyar jama'ar da ke durƙushe. Mutane suka riƙa ɗaga kai suna bin su da ido. Da suka isa rumfar, wani jaki yana ɗaure a bakinta yana cin ƙaiƙayi. A ciki, tsakanin tukwanen shuɗi da na ja, ga akwatin ƙarƙashin tabarmi. Wani ma'aikaci da bai san abin da ke ƙasa ba ya ajiye guntun gurasa da albasa a kai.

Taniko ya ɗauke albasar ya ajiye a ƙasa. Ya yaye tabarmin, ya share ƙurar da ke fuskar akwatin da gefen rigarsa. Ya yi mata magana da harshen kudu, ƙasa-ƙasa, kamar mai tashin wanda ke barci. Harmasi ya ji kalma biyu ko uku da ya sani tun yana yaro, sauran sun ɓace masa.

Taniko ya miƙe ya ce, “Da aka zo neman aurenta, ubanmu ya ce Masar ta yi nisa. Ni na ce a ba su. Na ce mutanen nan ko ba su iya komai ba sun iya riƙe mamaci.”

“Kawu, Baffa yana bakin Mashigi. In ka tafi...”

“Na sani, ai ni nake kallonsa kullum. Ba zan harbe ka ba, ɗanta ne kai. Ba kuma zan sake harbin kowa saboda kai ba. A garinmu ba mu da zinariya, rami muke haƙawa mu tara duwatsu a kai, amma ba a taɓa tashin wani an kwantar da wani ba.”

Ya yi wa mutanensa alama. Suka ɗaga akwatin a kafaɗa, shi yana gaba. Ya aika ɗaya daga cikinsu Mashigi da saƙo na baki. Ba dogarin da ya tare su, Harmasi bai kuma ce a tare su ba. Kafin kwana biyu maharban kudu suka sauko daga duwatsu, suka wuce ta gefen birni a jere ba kiɗa ba waƙa, suka bi gawar zuwa ƙasarsu.

A fada Waziri ya ce a aika wa Galadima da tayin sulhu, a ba shi arewa gaba ɗaya. Harmasi ya ce, “Na sayar da abin da ya fi arewa don in zauna nan. Ba zan ƙara sayar da komai ba.” Ya tara masu mashi na birni, da dogaran haikali, da duk matuƙin jirgin da zai iya riƙe gatari. Mutanen sun fito, amma ba wanda ya yi masa kirari da ya wuce, kuma da yawa sun kau da kai kada su haɗa ido da shi. Shi ma bai nemi idon kowa ba.

A Mashigi ya jera jiragensa daga gaɓa zuwa gaɓa, ya ɗaure su da igiyoyi suka zama katanga. Mutanensa ba su isa ya raba su biyu ba, sai ya bar kan duwatsun ba kowa. Da hantsi iskar arewa ta taso, jiragen Galadima suka taho da ita, ganguna na tashi. Na farko suka daki katangar ba ta karye ba. Aka gwabza a kan katako mai santsin jini, mutanen Wasat suka tura su baya har sau biyu, har wasu suka soma ihun nasara.

Sai dutse ya faɗo daga sama ya fasa jirgin da ke kusa da na sarki. Harmasi ya ɗaga kai. A inda maharban kawunsa suke tsayawa, mutanen Galadima ne tsaye. Sun hau ta baya ba wanda ya ce musu kanzil, sun ma tarar da duwatsun da maharban suka tara don irin wannan rana. Suka yi ta gangaro da su, suka biyo da tukwanen wuta. Igiyoyin da suka riƙe jiragen suka hana su gudu. Wuta ta kama ɗaya ta bi igiya ta kama na kusa. Mutane suka riƙa faɗawa ruwa da garkuwoyinsu, kuma ba a banza ake kiran wurin Mashigin Kada ba.

Harmasi ya yar da garkuwarsa, ya yi tsalle cikin jirgin abokan gaba da gatari a hannu. Ya sari na farko, ya sari na biyu, ya buɗe ƙirji yana neman wanda zai soke shi. Suka riƙa ja da baya, don Galadima ya hana a taɓa shi. Wani masunci daga cikin matuƙan Galadima ya jefa masa taru daga baya, suka ja ya faɗi. Haka aka kai shi gaban baffansa, a naɗe cikin abin kamun kifi.

Sabaktu yana zaune ƙarƙashin rumfar jirginsa, tsoho mai ƙiba, kamarsa ɗaya da marigayi. Ya ce a warware shi, a ba shi ruwa.

“Ɗana, ka gaji. Zauna.”

“Ka kashe ni, Baffa.”

“In kashe ɗan wana ana cikin makokinsa? Me mutane za su ce da ni? Ni ban ma ci ka da yaƙi ba. Na yi makonni ina duban duwatsun nan ina neman dabara ban samu ba, ran nan na tashi na ga ba kowa a kai.”

“Ni na binne shi. Ni na buɗe bakinsa a gaban kowa. Ko ka ɗaure ni, al'ada ta ba ni.”

“Al'ada ba a hannuna take ba, a hannun malamai take. Bari mu tambaya.”

Aka shigo da Babban Malami Amanhi. Tun kafin hayaƙi ya lafa ya iso da jirgin haikali don yi wa Galadima maraba, Waziri Kamutaf yana bayansa da kyaututtuka. Sabaktu ya ce, “Malam, mutum ya fitar da uwarsa ya sa ubansa a makwancinta. Wannan binnewa ce?”

Amanhi bai dubi Harmasi ba. Ya ce, “Na sake duba littattafai, ranka ya daɗe. Ɗakin da aka ƙwace ba ya zama gidan mamaci. Sarki Nabkara yana nan kamar wanda ba a binne ba.”

Harmasi ya ce, “Kai ka ce min za su karɓa.”

“Na faɗi abin da zai sami Sarauniya tun a farko, Yarima. Akwai shaidu.”

Sabaktu ya ce, “To, ka ji. Wana yana kwance a ɗakin mace, da ɗan kunne a fuskarsa, in ji waɗanda suka gani. Zan ɗauke shi in kai shi arewa in binne shi yadda ya kamata. Sai dai akwai abu ɗaya. Hatimin da ke ƙofar naka ne, kuma wanda ya fasa hatimin wani a kabari ya ɗauki la'ana. Ni na tsufa da ɗaukar kaya. Kai ka danna, kai za ka fasa.”

Aka koma da Harmasi kwarin da rana, a gaban jama'ar da suka faɗi suka gaishe shi a wurin. Ba fatar damisa a kafaɗarsa, tana kafaɗar baffansa. Aka ba shi guduma. Ya tsaya a zauren ya daɗe, sannan ya ɗaga ya doki yumɓun, sunansa ya rabe ya zube. Bayi suka shiga suka fito da Nabkara, da gadonsa da kujerunsa da bakansa, aka gangara da su zuwa kogi. Sabaktu ya sa aka kai Harmasi wani haikali a cikin hamada, aka aske masa kai, aka ba shi tsintsiya.

Marubutan fada sun ƙidaya abin da aka rasa. Jiragen Wasat arba'in da ɗaya, talatin sun ƙone, sauran sun nutse. Mutum dubu ɗaya da ɗari shida a Mashigi, waɗanda aka samu gawarsu aka binne ba su kai ɗari uku ba. Maharba dubu biyu da suka tafi kudu da ƙafafunsu, da garuruwa bakwai na kan iyaka da suka daina aiko da haraji daga wannan shekara. Kaburbura biyu a kwarin sarakuna, ɗaya cike da laka, ɗaya wayam, ba wanda ya sake yarda a kwantar da nasa a ciki. Sarautar Harmasi kwana tara ce, kuma ba ta kai an sassaƙa sunansa a jikin dutse ko ɗaya ba.